Fasfo a Cikin Shafin Kwat

Tun muna da ƙarfi nake zama shago ɗaya da Shiru. Tela ne kamar ni, kekensa na fuskantar bango, nawa na fuskantar titi. Sunan nan abokan aiki suka sa masa, don yakan wuni bai ce uffan ba. Ni hakan ya yi mini. Na gaji da masu baki, masu cewa gobe kayanka za su fito alhali ko yankawa ba su yi ba.

Abu ɗaya ke buɗe bakinsa, karatun Autarsa. Yarinyar, Jamusanci take karantawa a jami'a, shi kuwa ya tsani abin. Ya ce yaren da ko mai kanti ba za ka yi ciniki da shi ba, me zai tsinana mata? In ta kawo masa abinci shago tana bitar kalmominta, sai ya tambaye ta ko ƙashi ne ya maƙale mata a wuya. Da ta ci tallafin karatu na zuwa can ƙasar masu yaren, a gabana ya ce ba inda za ta. Kawunta ne ya yi ta zirga-zirgar takardu. Sharaɗin masu tallafin kuma ba wasa: wanda bai iso ranar da aka sa ba, a ba na bayansa gurbin.

Ranar tafiya na tarar da Shiru a kan keke tun da sassafe, kamar ba 'yarsa ce za ta bar ƙasa ba. Raina ya ɓaci.

Da hantsi sai ga matarsa, mayafi a karkace, Auta na biye da ita ido jawur. Fasfo ya ɓace. Sun ɗaga katifu, sun zazzage durowa, har buhun shinkafa sun duba. Sun kira wayarsa, ita kuwa tana cikin gwangwanin maɓallai inda take kwana kullum. Ban taɓa jin matar nan ta ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Malam, in ƙona shi ka yi ka faɗa mana, mu daina wahala."

Ni ma abin da na zarga ke nan. Na dubi mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya, na ji kamar ban taɓa saninsa ba.

Ya tsayar da keke, ya ciji zare, ya ce, "Yana cikin kwat."

Wace kwat? Ashe ulun nan mai kauri da na ga yana ta fama da shi makonni, na ɗauka aikin wani mai kuɗi ne, na Auta ne. Ya ji an ce sanyin can na kisa. Ko awo bai yi mata ba, da ido ya yanka. Ya gama jiya, ya ɗauki fasfon daga durowa, ya ɗinke shi cikin shafin kwat ɗin, wato yadin da ke ta ciki, kamar yadda muke yi wa fatake da ke tsoron 'yan sane, ya shimfiɗa ta a ƙasan akwati bai gaya wa kowa ba. Akwatin kuwa kawu ya riga ya wuce da shi filin jirgi.

 Na tambayi Shiru ko ya bar wa wurin baki, ko da zif. Ya ce a'a, abin da ke da baki ai hannu na shiga.

Na ce, "To da me za ta farke shi? Ba a shiga jirgi da almakashi, kuma tun daga ƙofa ake neman fasfo."

Ya dube ni, fuskarsa ta canza. "Ni na taɓa shiga jirgi?"

Na zari reza, muka tsayar da tasi. Shiru ya shiga gaba da tef ɗin awo a wuya, bai ma rufe shago ba. A bakin filin jirgi muka buɗe akwati a ƙasa, mutane na kallo, kawu na ta faɗa yana nuna agogo. Na juya kwat ɗin. Ɗinki ne na mugunta, layi kan layi, ƙanana kamar na inji. Na kasa samun bakin zaren. Shiru ya karɓi rezar, ya tsaga shafin da ya ɓata makonni a kai, daga hammata har ƙasa, ya miƙa wa Auta fasfon.

Ana kiran jirginsu ta sa kwat ɗin a kan kayanta, cikin zafin nan, shafi na reto. Ta zauna mata cif a kafaɗa. Ta ce masa wani abu da Jamusanci, ta ruga ciki.

A hanyar komawa ya tambaye ni ko can akwai teloli masu gyaran shafi. Na ce ban sani ba. Ya ce zai aika mata da zare, kalar ba ko'ina ake samunta ba.