Ɗumin Bayan Bas

Ni dai tun ina yarinya sanyi aka koya min tsoro, ba hayaƙi ba. A gidanmu in yaro ya yi tari, cewa ake sanyi ya kama shi, a ɗura masa cokalin manja a lulluɓe shi da zane. Da wannan ilimin na sauka Kuala Lumpur, inda maigidana yake karatun digiri na uku, ina riƙe da 'yata mai shekara biyar wadda ƙirjinta ba ya son wasa.

Shi ne ya taɓa ce min, yana tsakar cin tuwo, wai man manyan motocin garin nan da manja ake haɗa shi. Na ce ashe abinci suke sha. Ya yi dariya ya manta, ni kuma na riƙe maganar da gaske.

Duk Asabar ni da yarinyar muke zuwa kasuwar Chow Kit sayen kifi da kuɓewa, ruwan garin kuwa ba ya sallama kafin ya sauko. In ya jiƙa mu, sai in ja ta bayan duk bas ɗin da ke tsaye injinta na aiki, inda iska mai ɗumi ke fitowa, don rigarta ta bushe kafin mu shiga sanyin cikin mota. Har juya ta nake, gaba da baya, kamar mai gasa masara. In ta ce idonta na yaji, in daka mata tsawa kada ta kuskura ta motsa. Wata tsohuwa mai sayar da ayaba ta taɓa kaɗa min hannu tana cewa, "Tak boleh, tak boleh," wato bai kamata ba. Na galla mata harara. Ina ruwanta da 'yata?

Tari ya ƙaru, na ƙara manja, na ƙara tsayuwar bayan bas.

Wata Asabar ina juya ta sai na ji ta damƙe hijabina. Numfashinta na fita da siririn fito, ramin wuyanta na lotsawa, ta buɗe baki amma maganar ta ƙi fitowa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na watsar da ledar kifi na saɓa ta a kafaɗa. Tsohuwar da na harara ce ta shiga titi ta tare mana tasi.

A asibiti suka kifa mata robar numfashi mai fitar da tururi. Likitar ta tambayi inda muke lokacin da abin ya tashi, na faɗa mata, har ina ƙarawa da cewa ai hayaƙin manja ne. Ta ajiye biro. Ta ce ko da me aka yi man, in ya ƙone a inji hayaƙi ne, ƙurarsa na shiga can cikin huhu, kuma yaro mai asma ko kusa da shi bai kamata ya tsaya ba.

"Sau nawa kika yi haka?" ta ce.

Na fara ƙirga Asabar a yatsu, yatsun suka ƙare.

Maigidana ya iso yana haki. Na riga na shirya masa faɗa, tunda shi ya kawo zancen manja, sai yarinyar ta ɗaga robar daga fuskarta ta nemi idona.

"Mama," ta ce da ƙyar, "I didn't move. Ban motsa ba, ko?"

Na ce mata eh, ba ta motsa ba, na mayar mata da robar.