Kitsen da Lydia ta Rataye Saman Murhu

Duk wanda ya ce muku kakata Lydia mai haƙuri ce, to bai san ta ba. A Damari ta yi rayuwarta, kuma har yau in aka ce Mai Kitse, tsofaffi sun san wadda ake nufi. Da gori aka laƙaba mata sunan, ita kuwa ko a kasuwa aka kira sai ta amsa da ƙarfi.

Mijinta Andrawus ya rasu ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ya bar ta da yara ƙanana da rumbun da bai kai rabi ba. Ana share makoki ƙanensa Enoch ya ce zai kwashe yaran, tunda 'ya'ya na dangin uba ne. Dattawa suka yanke magana: in ta fitar da su damina ba su rame ba, nata ne, in suka rame, Enoch ya ɗauka.

Maƙwabcinta Ladan musulmi ne, aladun daji kuma sun addabi gonarsa ta rogo. In ya harbe ɗaya ba ya taɓa shi. Matarsa Saude ce za ta leƙo ta kan danga, ta kira Lydia da sunan ɗanta ta ce, "Uwar Solomon, ɓarawon nan ya kwanta a gona." Kiristocin garin kowa ya rugo neman tsoka, Lydia kitsen take so. Ta yanka shi sala-sala, ta murza gishiri da barkono, ta rataye saman murhu hayaƙi ya yi ta dukansa har ya yi ja. A gidan Lydia ƙwaryar shan ruwan Saude daban take, ba ta ko kusantar madafa, kuma ba su taɓa samun saɓani a kan wannan ba.

Enoch ne ya tsani abin. Ya fara fataucin doya zuwa Birnin Gwari, ya sayi keke, sai ya ga kitsen nan zubar masa da girma yake.

"Yaya, ki zubar da ƙazantar nan, in aiko miki da dawa," in ji shi.

"Ka riƙe dawarka. Gobe ka ce kai ka ciyar da su? Ba na cin tuwon da ke da ƙugiya a ciki."

Daminar ta zo da yunwa. Man gyaɗa ya gagari talaka, gidaje da yawa miya ruwa ce da ganye. Lydia kan yanko kitse kamar ɗan yatsa, ta narka a tukunya, ta zuba rama ko tafasa da ɗan tsakin masara. Cokali kaɗan yaro zai sha ya wuni bai yi kuka ba. Ita kam ta rame, na ji an ce zanenta sau biyu yake zagaye ta. Wannan wurin labarin har yau yana sosa mini rai.

Da sabon hatsi ya shigo aka tara yaran gaban dattawa. Enoch ya sunkuya ya ɗaga Auta, wanda shi ne mahaifina, don ya nuna ba nauyi, sai ga shi yana nishi.

"Ajiye shi kada ka karya ƙugu," in ji Lydia. "Wanda ya ga ƙashi a jikinsu ya ɗauka."

Ba wanda ya ɗauki ko ɗaya, yaran suka zama nata.

Washegari da hantsi sai ga Helen, matar Enoch, goye da ɗanta, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura. Ta miƙo akushi tana kallon ƙasa. Lydia ta yanko mata sala mafi kauri. Helen ta jawo faifai za ta rufe, Lydia ta fizge shi.

"A buɗe za ki ɗauka, kuma ta ƙofar gidan mijinki za ki shiga. In ya ƙare ki dawo."