Watan da Muka Ari Talauci

Maigidana ne ya kawo shawarar, ranar da ya tarar autarmu ta juye shinkafa da miya a bola don wai naman ya yi tauri. Shi mutum ne da ya baro Nijar da rigar wuyansa, ya yi yaron mota, ya yi direba, har Allah ya ba shi manyan motoci nasa na kansa masu lodi a tashar Kossodo. Ni kuwa a nan unguwar Zongo aka haife ni, na yi lakwal, wato boko, ina aikin buro, ofis ke nan, ban san wata yunwa ba sai ta azumi. Ya ce 'ya'yansa sun tashi ba su san zafin nema ba, saboda haka wata guda za mu ci abin da talaka ke ci. Ya kulle ɗakin ajiya, ya jefa makullin a aljihu, ya riƙa ajiye mini kuɗin cefanen da ko kan kifi ba za su saya ba.

Na ce, "Alhaji, kai da tsire ke jiranka a tasha kullum, mu za ka koya wa babu?" Ya rantse shi ma ba zai taɓa ba. Kuma bai taɓa ba, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba.

Na koyi zuwa kasuwa da la'asar sakaliya, lokacin da tumatir ya lotse masu shi suna neman kai da shi. Na koyi sayen mai a ƙullin leda. Tuwon masara da miyar kuka yau, gobe benga, wato wake da shinkafa, ba ko ɗigon mai, da safe ɗumame. Yara suna kumbura baki, ubansu yana jin daɗi, ni ma har ina ba abokan aikina labari kamar wadda ta yi abin kirki.

Abin da bai zo mana a rai ba shi ne kwanon Inna. Inna tsohuwa ce da muke katanga ɗaya, mijinta direba ne ya rasu a hanya, tana tuyar ƙosai a bakin titi tana riƙon jikokinta marayu. Tun ina amarya, duk abin da na dafa da yamma sai kwano ya tsallaka gidanta, ita kuma ta maido shi da 'yan ƙosai a ciki, don a unguwarmu ba a mayar da kwano wayam. Ni zumunci na ɗauke shi. Ashe shi ne abincin daren yaran nan.

Da tukunyata ta ƙanƙance, kwanon ya koma rabi, daga baya ya koma malmala ɗaya da miya tsululu. Inna kuwa tana da ido. Ta ga mai nama ya daina tsayawa a ƙofarmu, ta ga na ajiye gas na koma gawayi. Sai ta yanke a ranta cewa motocin Alhaji sun karye, kunya ce ta hana mu faɗa.

Daga nan kwanon ya fara dawowa da nauyi. Ƙosai cike har murfi. Wata rana babenda, faten ganyen nan na Mossi, da zafinsa. 'Ya'yana suka riƙa wawarsa kamar ba su taɓa ganin abinci ba. Rannan ta shigo da kanta, ta zaro kwalbar mai daga ƙarƙashin mayafi ta tura bayan murhu, ta ce a hankali, "Ɗiyata, rufa wa mijinki asiri. Duniya haka take, yau gare ka gobe ga wani." Ta yaya zan dubi tsohuwar nan in ce gwaji muke yi? Mayar da kyauta kuma cin fuska ne. Na karɓa na yi godiya.

Man tuyarta ne. Washegari ba ta fita bakin titi ba, jibi ma haka. Na leƙa ta katanga na hangi jikokin suna cin ƙanzon da aka jiƙa da ruwa da gishiri. Na tare Alhaji a zaure na ce ya ba ni makullin nan ko in fasa ƙofar da taɓarya. Ya ga idona, ya miƙo.

Na dafa shinkafa da kaza, na cika kwano har yana zuba, na ɗauki galan ɗin mai, autata tana biye da ni. Inna ta buɗe murfin ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya kawo sauƙi ke nan?" Kafin in haɗa abin da zan ce, yarinyar ta riga ni: "Ai da ma muna da komai, Inna. Baba ne ya kulle don mu ga yadda talakawa ke ji. Yanzu mun gama."

Inna ta dube ta, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta mayar da murfin, ta miƙo mini kwanon da hannu biyu.

"To, sannunku da ƙoƙari, ɗiyata. Mu namu watan bai ƙare ba."

Alhaji ya je da kansa ya durƙusa, ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Makon da ya biyo ta koma tuya, ban san wa ya taimaka mata ba, ba dai mu ba. Muna gaisawa har ta bar unguwar, ta koma wurin ƙanwarta a unguwar Ouidi da jikokin. Amma har ta tafi, ba ta sake cin abincin kwanon nan ba. Duk lokacin da na aika sai ya dawo da abincinsa ba a taɓa ba, da ƙosai a kan murfin.