Inna da Boris ɗin Babur

Jama'a, babur ya gyaru, amma ku ji wanda ya yi aikin.

Boris ɗin ƙarfen da ke riƙe tayar baya ne ya ci, ga shi gobe ɗalibaina na jarrabawa a Kebbe. Tun safe nake dukansa da guduma don ya fita, ko motsi.

Kakata tana suyar ƙuli-ƙuli, ta ce, "Kawo ƙarfen nan."

Ta kwarara masa tafasasshen mai, ta ɗora guntun ƙarfe a bakin boris, ta sauke taɓarya sau ɗaya. Sai ga boris a ƙasa!

Na ce, "Inna, ina kika koya?"

Ta ce, "Tun zamanin Jihar Arewa nika yi ma keken kakanka haka. Shi ko ya fita gari shina faɗin shi yag gyara."