Tela da Ƙwayar Ciwon Kai

Kowa Tela yake ce mata, har mijinta. 'Yar ƙanena ce, a hannuna ta tashi, don haka na san halinta: ba ta zama, ba ta raki. Shagonta wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene. Keken ɗinki na ƙafa, benci ɗaya, sai buhun ƙyallaye da take jingina da shi. Haske ta ƙofa kaɗai yake shiga.

Ta daɗe da aure babu haihuwa. Cikin ya zo ne bayan mutane sun gaji da tambaya. Mijin direban babbar mota ne, kullum yana hanya, sai ni na raka ta awo.

Aka tura mu hoton ciki. Ɗakin da duhu, gadon da leda. Matar da ke aikin ta shafa mata wani abu mai sanyi da yauƙi, ta nuna mana kai, da hannu, da zuciya tana bugawa. Daga nan ta karkatar da na'urar zuwa gefen mara, aka ji wani sauti kamar na zugazugi. Ta daina murmushi.

"Yanzu ba ɗan nake saurare ba," in ji ta. "Jijiyoyin da ke kai wa mahaifa jini ne, naki kuwa a matse suke. Mai irin wannan, jininta kan hau idan ciki ya tsufa, har ya kai ga jijjiga. Ba tabbas ba ne, alama ce."

"Amma dai shi lafiyarsa ƙalau?" in ji Tela.

"Yau dai ƙalau."

Abin da Tela ta ɗauko ke nan, sauran ta bar shi a kan gadon.

Likita ya ba ta ƙaramin asfirin, ɗaya kullum, ya ce kada ta tsallake awon jini. Ya ce in ta ji ciwon kai, ko kumburi, ko gani ya yi dishi-dishi, ta taho nan take.

A hanya ta girgiza kwalbar. "Gwaggo, duk wannan duhu da na'ura, ƙarshenta maganin ciwon kai? Ni kaina garau."

"Sha aka ce ki yi, ba ra'ayinki aka nema ba."

"To, likitar gida."

Ta sha na ɗan lokaci, sannan kwalbar ta koma aljihun keke, cikin maɓallai. A wurinta magani na mara lafiya ne. In mai kawo ɗinki ta yi kukan ciwon kai, sai ta zaro mata guda biyu.

Ƙafafu suka kumbura, ta ce taka keke ne. Yatsa ya daina shiga kunnen almakashi, ta ce ƙiba ce ta hutu, ita da ba ta san hutu ba. Ta fara miƙa wa masu jira allura su zura mata zare.

"Ki koma asibiti," na ce.

"Gwaggo, nuna mini telan da ba ya ciwon ido. Tun kafin ciki haka nake."

Ba ƙarya ta yi ba, nan ne mugun abin. Duk alamar da likita ya lissafa, sana'ar ta riga ta saba mata da ita. Ranar awo kuma ta faɗo daidai komawar makaranta, kayan ɗalibai jibge har kan benci. Ta ce sai ta sauke su.

Ranar da ciwon kai na gaske ya zo, sai ta tuna da kwalbar. Ta haɗiyi ƙwaya, ta ɗaure goshi da ƙyalle, ta ci gaba da taka keke. Mai gyaran takalmi da ke maƙwabtaka da ita ne ya ji benci ya kife. Ya same ta a ƙasa tana jijjiga, ta datse harshe.

A asibiti aka yi mata aiki, aka ciro 'yar mace, tsawonta bai wuce takalmina ba. Jaririyar ba ta kwana da rai ba. An binne ta kafin Tela ta farfaɗo. Da ta farfaɗo, ɓarin damanta ya mutu, baki ya karkace.

Yanzu tana ɗakina. Ruwan nono bai san abin da ya faru ba, ya zo, ni nake ɗaure mata ƙirji. Ina cikin ɗaurewa ta tattaro magana da ƙyar.

"Gwaggo, kin gan ta?"

"Na gan ta."

"Da gashi?"

"Da gashi, baƙi wuluk."

Ta juya fuska bango. Na ja ƙullin, na tafi ɗora mata ruwan wanka.