Garin Maganin Kaji Ya Ci Ƙafar Ƙanwata

An yanke wa ƙanwata ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, kuma gidan kajin da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana yi wa bauta ko sannu bai aiko ba. Abin da suka aiko shi ne wata ma'aikaciya ta zo ta karɓi takalmin robar aiki, wai kayan gona ne.

Auta muke ce mata a gida, don daga ita mahaifiyarmu ba ta ƙara ba. A gonar kuwa Uwar 'Yan Tsaki suke kiranta. Tun tana ƙarama ba ta iya zama wuri ɗaya ba, kuma bakinta ba ya shiru. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanya ya bar ta da 'ya mace guda. Ba ta zauna jiran taimakon dangi ba. Ta ɗaura ɗamara ta nemi aiki a gonar kaji da ke bayan gari.

Na taɓa kai mata saƙo can, ban ƙara marmarin komawa ba. Dogayen rumfunan kwano ne, zafi kamar a dafa mutum, warin kashin kaji yana sa ido hawaye. Kaji sun cunkushe, ko wurin miƙa fiffike babu. Aikinta ta kwashe jiƙaƙƙiyar ɗusar katako, ta wanke mazuban ruwa, ta tsince waɗanda suka mutu ta loda a baro. Sannan ta dama gari.

Garin nan rawaya ne, a buhu ake kawo shi, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Dokar manaja ita ce kullum safiya a zuba shi a tankin ruwan kaji, ko suna ciwo ko lafiyarsu ƙalau. Dalili kuwa, allurar rigakafin kaji sai da firij, firij ɗin ya lalace, mai gonar ya ce ba zai gyara ba. Rage cunkoso kuma asara ce a wurinsa. Sai aka mai da gari ya zama shi ne rigakafi, shi ne tsafta. Yana dunƙulewa a ruwa, don haka da hannu Auta take murje shi, har gwiwar hannu take zurawa cikin tanki.

Ma'aikatan sun sa masa suna likitan gona. Mai ciwon ciki ya ɗebi cokali ya kaɗa a kofi. Wanda ya yanke ya barbaɗa ya ɗaure da tsumma. Har gida suke ƙullowa a leda. Ranar da na gan ta tana shan abin nan a ɗakina, na daka mata tsawa.

"Ke Auta! Kaza ce ke?"

"Haba Yaya, da kaza ce ni ai da tuni na yi ƙiba. Dubi wuyana fa."

"Zubar da shi, don Allah."

"Abin da ke tsayar da zawon rumfa guda, ɗan cikin nan nawa ne zai gagare shi?"

Ta shanye, ta yamutse fuska, ta ce ɗacinsa ya fi na bakin manaja sauƙi.

Takalmin robar da suka aiko karɓa, tafinsa a tsage yake. Ta nan wata tsatsattsiyar waya ta keji ta shige ta soke ta. Ta je wurin manaja tana ɗingishi.

"Barbaɗa gari ki ɗaure," in ji shi. "In kin tafi asibiti, uban wa zai ba kaji ruwa?"

Ta barbaɗa, ta ɗaure, ta koma cikin dagwalon kashin kaji da ciwo a buɗe. Ƙafa ta kumbura. Ta je kemis, mai kemis ya ba ta kafso ja da baƙi ba tare da ya ce ta kwance tsumman ba. Bai yi ba, ya canja mata wani. Bai yi ba, ya koma allura. Sai da 'yarta ta zo mini tana kuka, ta ce uwarta ba ta iya taka ƙasa kuma ɗakin ba ya shiguwa don wari, sannan muka ɗauke ta ranga-ranga zuwa asibiti.

Aka ɗebi mugunyar aka kai ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito, likitar, wata matashiya mai sanyin murya, ta ja ni gefen taga.

"Mama, ƙwayoyin cutar da ke ƙafar nan sun saba da magani. Duk wanda muka gwada a kansu, ko gezau."

"To ku ba ta mai ƙarfin mana."

"An riga an ba ta. A ina take aiki?"

Na gaya mata, har da tanki, har da cokali a kofi. Sai ta yi mini bayani: in ana ba ƙwayar cuta magani kaɗan-kaɗan kullum, raunanan ne ke mutuwa, masu taurin kai su rayu su hayayyafa. Ta ce ba za ta rantse cewa daga gonar aka kwaso ba, amma wuri irin wannan makaranta ce ta koya wa cuta jure magani.

Da aka yi wa Auta maganar yankewa, dariya ta yi.

"Likita, da me zan tura baro? Ko za ki ara mini taki?"

Ta ƙi sa hannu. Naman ƙafar ya yi baƙi, baƙin ya haura idon sawu, ya kama ƙwauri. Wata safiya ta ɗaga zanen da kanta ta duba, ta mayar ta rufe, ta ce, "Yaya, kira su."

Mun ɗauka shi ke nan, an rabu da ƙafa an tsira da rai. Yanzu dungulmin ma ya fara tsatsar ruwa, zazzaɓi ya dawo. Akwai wata allura ta ƙarshe, amma tana taɓa ƙoda, kuma an fara ta ba mu ga canji ba. Likita ta soma zancen sake yankewa sama da gwiwa, kuma in tana magana ba ta kallon idona. Auta ta daina barkwanci. In na kai mata ruwa sai ta juya fuska bango.

Na je gonar. A bakin ƙofa manaja ya tsayar da ni.

"Baiwar Allah, ƙaddara ce. Kowace gona haka take yi, mu ma haka muka tarar."

"Mai gonar fa?"

"Ya yi tafiya."

Motarsa na nan a inuwa, ina ganinta. Ina tsaye aka wuce da sababbin buhunan garin a kafaɗa. Kuma 'yar Auta, da ba ta da wani abin da za ta riƙe gida da shi, ta je ta roƙi gurbin uwarta, sun ba ta.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba. Mai gona, ka fito daga inda ka ɓuya, ka zo gadon ƙanwata ka tsaya a buɗe ciwon a gabanka, ka ɗauki nauyin jinyarta da cinta har iyakar ranta. Ka gyara firij ɗinka, ka daina ɗura wa lafiyayyun kaji magani. Ku masu sayar da shi buhu-buhu ba takardar likitan dabbobi, a rufe shagunanku. Ku kuma jami'an da aka ɗora wa duba gonaki, da kuke zuwa ku tsaya a ofis ku koma da kiret ɗin ƙwai a bayan mota, ku shiga rumfar da ƙafarku, ku buɗe tankin, ku hana. Yau nake so, tun 'yar Auta tana da ƙafafunta biyu.