Ƙararrawar Tsofaffin Ɗalibai

Mai Katifa ya haura shekara hamsin lokacin da ya shiga makarantar koyon kasuwanci. Ba digiri ya je nema ba. Gajeren kwas ya yi, wanda aka buɗe wa masu sana'a, ya zauna a aji da auduga maƙale a gemunsa, yana rubutu a hankali kamar mai ɗinki.

Shi ya kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a lokacin da masu digiri suke ganin abin ɓata lokaci ne. A shagonsa ake taro, bisa katifun da ba a gama ɗinkewa ba. Da surutu ya yi yawa, ya sayo ƙararrawar tagulla. Daga nan al'ada ta kafu: kowace shekara, tsofaffin shugabanni su kaɗa ta bi da bi, shugaba na farko shi ke farawa, kafin a buɗe taro.

Ƙungiya ta girma har ta gina zaure. Shugabanci ya faɗa hannun ɗan ƙanwarsa, manajan banki, wanda shi Mai Katifa ya kai makarantar da ƙafarsa. Ana jibi buɗe zauren, Manaja ya zo shago ya durƙusa.

"Kawu, na zo karɓar ƙararrawa. Sai dai bana akwai manyan baƙi. Kwamiti ya ce masu digiri kaɗai za su hau dandamali."

"Mu kuma fa?"

"An tanada muku kujeru a baya. Masu taushi ne, Kawu."

"Taushi za ka koya mini? Ni?"

Manaja ya sunkuyar da kai. Mai Katifa ya ce ya tafi, zai aiko da ita.

Ranar bai ci abinci ba. Ba kaɗa ƙararrawa ce ta dame shi ba. Masu walda da teloli da masu gidan burodi da suka yi kwas ɗin tare da shi, su ne aka ce ba ɗalibai ba ne. Matarsa ta gan shi da filaya yana kici-kici da ƙararrawar.

"Malam, ɗanka ne fa."

"Shi ya sa. Da bare ne, da na yi dariya."

Ya aika da ita a naɗe cikin sabon ƙyalle. Ranar taro ya zauna a layin baya tsakanin abokansa. Manaja ya kwance ƙyallen a gaban baƙi, ya ɗaga hannu ya girgiza. Shiru. Ya sake girgizawa. Ko ƙis.

Mai Katifa ya miƙe, ya zaro ɗan ƙarfen cikin ƙararrawar daga aljihu, ya ɗaga shi sama.

"Wannan na 'yan gajeren kwas ne. Tunda ba ya hawa dandamali, ga shi nan tare da mu."

Ba wanda ya tafa. Ya fita, wasu 'yan layin baya suka bi shi, wasu suka tsaya don abinci.

Kwamiti ya sayi sabuwar ƙararrawa, ta fi waccan girma, dokar kuma tana nan. Manaja bai sake zuwa gaisuwa ba, ƙanwar ma ta ɗauke ƙafa. Ɗan ƙarfen yana rataye a jikin makullan shago. Kowace safiya, in Mai Katifa zai buɗe ƙofa, sai ɗan ƙarfen ya bugi kwaɗo ya yi ƙara, shi kuwa ya ja tsaki ya shiga.